Gida Huɗu Ko Fiye? Fashin Baƙi Kan Matsayin Mutane A Tsohuwar Japan

Shin gaskiya ne cewa a tsohuwar Japan an kasa jama'a gida huɗu, mayaƙa a sama, manoma na biye da su, sai masu sana'ar hannu, 'yan kasuwa kuma a ƙasan kowa, kuma duk gidan da aka haifi mutum a cikinsa zai mutu? Wannan shi ne bayanin da ya fi yawo a bakin jama'a, musamman yanzu da fina-finan samurai, wato mayaƙan Japan na da, suka cika wayoyin matasa. Sai dai akwai abin da ke sa mutum ya dakata. Ranar 3 ga Yulin 2024 Japan ta fitar da sababbin takardun kuɗi, kuma hoton da ke kan mafi girmansu, ta yen 10,000, na Shibusawa Eiichi ne. An haife shi a 1840 a gidan manoma masu cinikin baba na rini, ya shiga hidimar gidan Hitotsubashi, wani reshe na dangin da ke mulki a lokacin, a 1864 ya zama samurai, daga baya kuma ya zama attajirin da ke da hannu a kafa kamfanoni kusan 500. Mutum ɗaya ya ratsa gida uku cikin huɗun da aka ce ba a ƙetarewa. To, ina gaskiyar take?

## Wane zamani ake nufi, kuma mulki yana hannun wa?

Mulkin mayaƙa a Japan ya ɗauki kusan shekara 700, daga 1185 lokacin da dangin Minamoto suka murƙushe dangin Taira, har zuwa 1868. A mafi yawan wannan lokaci akwai shugabanni biyu, kuma kalmar "sarki" da muke fassara su da ita tana rikita mai karatu. Na farko shi ne Tenno, sarkin gado da ke zaune a Kiyoto, wanda darajarsa ta addini ce da ta asali. Shi ke ba da muƙami, amma ba shi da runduna. Na biyu shi ne shogun, babban kwamandan mayaƙa, wanda Tenno ke naɗawa a takarda alhali shi ke riƙe da ƙasa. Minamoto no Yoritomo ya karɓi wannan muƙami a 1192 ya kafa gwamnatinsa a Kamakura.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar shekarun nan 700 a matsayin abu guda. A ƙarnonin farko iyakar da ke tsakanin mayaƙi da manomi ba ta da ƙarfi, domin mayaƙa da yawa masu gonaki ne da ke zaune a ƙauye, su yi noma da damina, su ɗauki makami idan ubangidansu ya kira. Bayan yaƙin Onin da ya ɓarke a 1467, ƙasar ta shiga rikici na fiye da shekara 100, har Japanawa suka riƙa siffanta zamanin da kalma ta musamman, gekokujo, wato na ƙasa ya kayar da na sama. Tsarin nan mai tsauri da ake magana a kansa na zamanin Edo ne, wato mulkin gidan Tokugawa daga 1603 zuwa 1868, kuma shi ne za mu fi tsayawa a kai.

## Yadda aka raba takobi da fartanya

Abin mamaki, wanda ya gina katangar shi ne mutumin da ya fi kowa amfana da rashinta. Toyotomi Hideyoshi ɗan talakawa ne da ya fara a matsayin ƙaramin bara a rundunar babban jagoran yaƙi Oda Nobunaga, ya yi ta hawa har ya mallaki ƙasar baki ɗaya. Ya san sarai cewa ƙofar da ya shigo ta cikinta wani ma zai iya shigowa, saboda haka ya rufe ta. A 1588 ya ba da umarnin ƙwace takubba da masu da bindigogi daga hannun mutanen karkara, da hujjar cewa za a narkar da ƙarfen a yi amfani da shi wajen gina babban gunkin Buda a Kiyoto. Ya kuma sa aka auna gonaki lardi bayan lardi, aka rubuta yawan amfanin da kowace gona za ta iya bayarwa, tare da sunan wanda zai biya harajinta. A 1591 ya hana barorin mayaƙa komawa noma ko ciniki, ya hana manoma barin gona su shiga fatauci.

Sakamakon haka, sai aka tattara akasarin samurai aka mayar da su garuruwan da ke kewaye da fadojin iyayen gidansu, suka rabu da gonakinsu, suka koma masu jiran albashi. Tokugawa Ieyasu, wanda ya ci yaƙin Sekigahara a 1600 ya zama shogun a 1603, ya gaji wannan tsari ya ƙara ɗaure shi.

## Shinkafa ce ma'aunin daraja

Wanda bai fahimci kalmar koku ba, da wuya ya fahimci wannan al'umma. Koku mudu ne na shinkafa mai kimanin lita 180, wajen kilo 150, kamar buhu uku masu kilo 50, kuma an ɗauka shi ne abincin mutum ɗaya na shekara. Da shi ake auna girman ƙasa, da matsayin mai mulki, da albashin bara. Duk wanda ke riƙe da ƙasa mai ba da koku 10,000 ko fiye kai tsaye daga hannun shogun, shi ne daimiyo, kuma yawansu ya riƙa kaiwa wajen 260. Mafi arzikinsu, gidan Maeda na Kaga, ya haura koku miliyan 1. Shi kuwa Tenno, duk da cewa sunansa ne a saman kowa, an yanka wa fadarsa koku 10,000 ne da farko, daga baya aka ƙara zuwa 30,000, wato daidai da ƙaramin daimiyo, sannan a 1615 aka kafa masa doka da ta ce babban aikinsa shi ne neman ilimi.

Su ma daimiyon ba ɗaya suke ba. Akwai dangin Tokugawa na jini, akwai fudai waɗanda suka bi Ieyasu tun kafin Sekigahara, su ne ake ba manyan muƙaman gwamnati ko da ƙasarsu ƙarama ce, akwai kuma tozama, "na waje", irin su Satsuma da Choshu, masu faɗin ƙasa amma ba a yarda da su ba. Domin kada wani ya tara ƙarfin tawaye, a 1635 aka wajabta wa daimiyo su riƙa shekara guda a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, shekara guda a ƙasarsu, matansu da magadansu kuma su zauna a Edo dindindin, garkuwa a hannun shogun. Ayarin Kaga kaɗai yakan haura mutum 2,000 a tafiyar kusan mako biyu, kuma kowane masauki da abinci da ɗan dako da tsabar kuɗi ake biya. A riƙe wannan batu na tsabar kuɗi, za mu dawo kansa.

## Cikin gidan samurai ma akwai hawa-hawa

Samurai da iyalansu ba su wuce kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na jama'a ba. Abin da ya bambanta su a ido shi ne takobi biyu a ɗamara, dogo da gajere, da kuma 'yancin amfani da sunan dangi a hukumance. Amma tazarar da ke tsakanin babban samurai da ƙarami ta fi wadda ke tsakanin ƙaramin samurai da manomi mai hali. A cikin barorin shogun kansa, hatamoto, su wajen 5,000, suna da damar ganinsa ido da ido, gokenin kuwa, waɗanda suka ninka su sau uku, ba su da wannan dama. A can ƙasa akwai ashigaru, dakarun ƙafa, da kuma ronin, samurai da ya rasa ubangida ya rasa albashi.

Fukuzawa Yukichi, wanda hotonsa ne a kan takardar yen 10,000 tun 1984 kafin Shibusawa ya gaje shi, ɗan ƙaramin samurai ne daga Nakatsu, kuma ya ba da labarin yadda abin yake a garinsu. Idan ashigaru ya haɗu da babban samurai a hanya, ko da ana tsuga ruwa, sai ya tuɓe takalminsa na katako ya faɗi a gefen hanya ya yi gaisuwa. Manya da ƙanana ba sa auratayya, kuma ko yaya ƙaramin samurai ya kai ga ilimi, da wuya ya haye. Fukuzawa ya ce tsarin gadon matsayi abokin gabar mahaifinsa ne, domin mahaifin malami ne da ya ƙare rayuwarsa yana lissafin shinkafa da bashin ubangidansa a Osaka.

Sannan akwai maganar da fina-finai suka fi so, cewa samurai na iya sare duk talakan da ya ga dama. Dokar 1742 ta amince cewa samurai na iya kashe talakan da ya ci masa mutunci ƙarara, amma dole ya kai rahoto nan take, ya kawo shaida, a bincike shi, kuma idan hujjarsa ba ta tsaya ba yana iya rasa matsayinsa ko ransa. Wannan ya sa abin bai yawaita ba kamar yadda ake zato. Duk da haka kada a raina shi. Kasancewar dokar kaɗai ta isa ta koya wa kowane yaro wanda zai sunkuya wa wani. Galibin samurai na zamanin Edo ma ba su taɓa ganin fagen fama ba, domin bayan murƙushe tawayen Shimabara a 1638 an yi fiye da shekara 200 babu babban yaƙi. Akawu ne da alƙalai da masu gadi, ƙananansu kuma sukan haɗa laima ko su shuka furanni su sayar domin albashi ba ya kai su ƙarshen shekara.

## Daga ina "gida huɗu" ya fito?

Jerin nan na gida huɗu, wanda Japanawa ke kira shi-no-ko-sho, wato mayaƙi, manomi, mai sana'a da ɗan kasuwa, aro ne daga tsofaffin littattafan Sin na mabiya Konfushiyas, inda kalmar farko ke nufin malami ma'aikacin gwamnati, Japanawa suka ɗora ta a kan mayaƙi. Tunanin malaman shi ne manomi na samar da abinci, mai sana'a na ƙera abin amfani, ɗan kasuwa kuwa riba kawai yake ci daga guminsu, don haka ya zo ƙarshe. Wannan ra'ayi ne na malamai, kuma an yi ta maimaita shi, amma babu wata doka da ta ɗora manomi a kan maƙeri ko maƙeri a kan ɗan kasuwa. Tun wajen shekarar 2000 littattafan makaranta da dama a Japan suka daina koyar da shi a matsayin tsani mai hawa huɗu.

Abin da hukuma ta sani shi ne inda aka yi wa gidan mutum rajista. Wanda ke cikin rajistar ƙauye hyakusho ne, wanda ke cikin ta unguwar birni chonin ne, ko maƙeri ne ko mai kanti. Babbar katanga ɗaya ce, tsakanin masu takobi da sauran jama'a. Daga tsakiyar ƙarni na 17, a yunƙurin kawar da addinin Kirista, aka wajabta wa kowane gida ya yi rajista da wani haikalin Buda, kuma wannan littafi ne ya zama abin da ke tsare kowa a matsayinsa. Matsayin na gida ne, mace tana bin na mahaifinta sannan na mijinta.

Mutanen ƙauye su ne fiye da kashi 80 cikin 100, kuma a kansu nauyin yake. Ba a bin mutum ɗaya-ɗaya da haraji. Ƙauyen gaba ɗaya ake yanka wa, mai gari ya rarraba, kuma an haɗa gidaje biyar-biyar su zama masu lamunin juna, ta yadda idan ɗaya ya gudu ko ya kasa biya, sauran huɗun ne za su cike. Abin da aka saba faɗa shi ne kashi huɗu na ubangida, shida na manomi, ko kuma biyar da biyar. A 1643 aka hana sayar da gona har abada, amma jingina ta maye gurbin sayarwa, gonaki suka riƙa taruwa a hannun 'yan kaɗan. Marasa gona ana kiransu mizunomi, masu shan ruwa, wai ruwa ne kawai abincinsu. Sai dai masanin tarihi Amino Yoshihiko ya nuna cewa a garuruwan gaɓar teku na yankin Noto, da yawa daga waɗanda aka rubuta da wannan suna masu jiragen ruwa ne da fatake da ba su damu da gona ba. Rajistar tana auna shinkafa, ba ta ganin dukiyar da ba ta shinkafa ba.

Kuma manoman ba su kasance masu haɗiye komai ba. An yi bore dubbai a zamanin Edo, musamman lokacin manyan yunwa irin ta shekarun 1780 da ta 1830, kuma sau da yawa hukuma takan biya buƙatar ta rage haraji, sannan ta kashe jagororin.

## Yadda bashi ya ci tsarin daga ciki

A nan, a ganina, asirin lamarin yake. An gina daraja a kan shinkafa, amma rayuwar birni da kuɗi ake yin ta. Samurai na karɓar albashinsa da shinkafa, dole ya sayar ya sayi tufafi da mai da itace, kuma idan an yi yabanya mai kyau farashi ya faɗi, shi ne ke asara. Dillalan shinkafa na Kuramae a Edo, da ake kira fudasashi, sun fara da karɓo wa barorin shogun albashinsu, suka ƙare suna ba su bashi a kan albashin shekaru masu zuwa. A Osaka, kasuwar Dojima da gwamnati ta amince da ita a 1730 tana cinikin takardun shinkafar da ba a ma girbe ba, gidaje irin su Konoike kuma suna ba daimiyo rance. Mitsui Takatoshi ya buɗe kantin tufafi na Echigoya a Edo a 1673 da sabon salo, farashi ɗaya, kuɗi hannu, kuma sunan Mitsui na nan har yau a cikin manyan kamfanonin ƙasar.

Hukuma ta yi ta ƙoƙarin mayar da su inda take ganin ya dace da su. An kafa dokokin da suka hana 'yan birni sa wasu tufafin alharini, sai suka riƙa ɗinka riga mara ado a waje su sa mata shafi mai tsada a ciki. A 1705 aka ƙwace dukiyar gidan Yodoya na Osaka da zargin almubazzaranci, kodayake mutane da yawa na ganin bashin da daimiyo suka ci a wurinsu ne ainihin dalili. A 1789 Matsudaira Sadanobu, babban mashawarcin shogun, ya yafe wa barorin shogun tsofaffin basussukan da dillalai ke binsu. Murna ba ta daɗe ba, domin dillalan sun rufe hannu, samurai ya rasa mai ba shi rance.

Da zarar matsayi ya zama abin da mai shi ke fama da yunwa a cikinsa, sai ya zama abin sayarwa. Attajiri kan biya gidan gokenin mai bashi su ɗauki ɗansa a matsayin magaji. Kakan mahaifin Katsu Kaishu, wanda ya miƙa birnin Edo ba tare da yaƙi ba a 1868, makaho ne mai ba da rance da ya saya wa zuriyarsa matsayi. Dangin Sakamoto Ryoma na Tosa, samurai da ya taimaka wajen share fagen kifar da gidan Tokugawa, su ma daga gidan 'yan kasuwa suka fito. Masu gari da attajiran da suka ba da gudummawa kuma akan saka musu da izinin ɗaura takobi da amfani da sunan dangi. Ƙofar ƙarama ce, kuma ba ta talaka ba ce, amma a buɗe take.

Shibusawa ya sha ba da labarin abin da ya juya masa tunani. Yana ɗan shekara 16 ko 17 ya wakilci mahaifinsa a ofishin wakilin daimiyon Okabe, aka ce gidansu ya kawo gudummawar dole ta ryo 500, kuɗin zinari na wancan zamani. Da ya ce bari ya koma ya shaida wa mahaifinsa tukuna, sai jami'in ya yi masa tatas a gaban mutane. Mai karɓa ne ke tsawa, mai bayarwa na durƙushe.

## Waɗanda ba a saka cikin lissafi ba

Jerin gida huɗu ya bar mutane da yawa a waje: fadawan Kiyoto, malaman addinin Buda da na Shinto, likitoci, 'yan wasa. Amma waɗanda barinsu ya fi nauyi su ne waɗanda aka kira eta da hinin, kalmomin da yau zagi ne a Japan. Ta farko ana rubuta ta da haruffan da ke nufin "ƙazanta mai yawa", ta biyu kuma "ba mutum ba". Tushen abin shi ne aƙidar kegare, cewa taɓa gawa da jini yana gurɓata mutum. Su ne ke kwashe mushen shanu da dawaki, su jeme fata, su yi aikin kurkuku da zartar da hukuncin kisa. Mayaƙa ba za su iya rayuwa ba tare da fatarsu ba, domin da ita ake sulke da sirdi da ganga, amma an ware su a unguwanni na daban, ba a aure da su, ba a cin abinci tare da su. A yankin Edo suna ƙarƙashin shugabansu na gado mai laƙabin Danzaemon a Asakusa, wanda ke da kotunsa da dukiya mai yawa. A 1856, da hukumar Okayama ta umarce su da sa tufafi marasa zane masu launi na musamman, sun fito sun yi zanga-zanga har dokar ta mutu ba a aiwatar da ita ba.

## Rushewar tsarin da abin da ya rage

Ƙananan samurai na Satsuma da Choshu, 'ya'yan "na waje", su ne suka jagoranci kifar da gidan Tokugawa a 1868, kuma su ne suka rushe ajinsu da hannunsu. A 1871 aka soke ƙasashen daimiyo, a 1873 aka kafa aikin soja na dole ga kowane namiji, a 1875 aka wajabta wa kowa ya ɗauki sunan dangi, a 1876 aka hana yawo da takobi aka mayar da albashin gado takardun lamuni. Waɗanda suka ƙi yarda sun bi Saigo Takamori a tawayen 1877, rundunar da akasarinta 'ya'yan manoma ne ta gama da su. Ajin masu sarauta da aka ƙirƙira wa tsofaffin daimiyo da fadawa ya kai har 1947, lokacin da sabon kundin tsarin mulki ya soke shi.

Masana sun rabu kan yadda za a auna zamanin. Wasu na nuna dogon zaman lafiya, da yaɗuwar makarantun ƙauye, da ƙauyukan da suka iya tafiyar da kansu, suna cewa su ne suka share wa Japan hanyar ci gaba cikin sauri. Wasu na nuna yunwa da haraji da hazaƙar da ta ruɓe saboda haihuwa. Duka biyun suna da hujja, amma wanda ya tsaya a kan na farko kaɗai bai tambayi mutanen unguwannin da aka ware ba.

Wata doka a 1871 ta 'yanta mutanen waɗannan unguwanni, su kusan 380,000, sai dai a shekarar ne kuma aka ƙwace musu keɓantaccen haƙƙin mushe da fata ba tare da an ba su komai ba, kuma a wasu yankuna manoma sun tayar da tarzoma suka ƙona musu gidaje don kada a daidaita su da su. Jikokinsu, da ake kira burakumin, sun kafa ƙungiyar Suiheisha a Kiyoto a 1922. Gwamnati ta kashe kuɗi masu yawa wajen gyara unguwanninsu a ƙarƙashin dokar musamman daga 1969 zuwa 2002. A 1975 aka gano cewa kamfanoni da dama sun sayi wani littafi na ɓoye mai jerin sunayen waɗannan unguwanni domin tace masu neman aiki, a 2009 kuma aka yi ce-ce-ku-ce da Google Earth ta ɗora tsofaffin taswirori masu nuna su. A 2016 majalisar Japan ta zartar da dokar kawar da wariyar buraku, wadda ta amince a rubuce cewa wariyar na nan har yanzu kuma intanet ta sauya mata salo, amma ba ta tanadi hukunci ga wanda ya aikata ba.